Zazzaɓi mai tafiya ya dawo: Ka gaya wa likita kana kiwo

Mai karatu, a gidajenmu na birni zazzaɓi suna biyu gare shi: in ba maleriya ba, to taifot. Da zarar jikin yaro ko babba ya yi zafi, kafin a kai ga asibiti an riga an yanke hukunci a tsakar gida, an tura yaro kemis. Sau da yawa kuma ana dacewa, domin sauron Legas da na Fatakwal bai ƙyale kowa ba, ruwan shanmu ma ba kullum yake da tsabta ba. Amma a wannan mako ina so mu tattauna kan wani zazzaɓi na uku, wanda ba sauro ke kawo shi ba, ba kuma ruwa ba. Shi ta ƙwaryar madara yake shigowa, ko ta hannun da ya taimaki akuya wajen haihuwa, ko ta wuƙar mahauci.

Likitoci suna kiran cutar burusalosis. Makiyaya kuwa sun daɗe da saninta a jikin shanu da sunan bakkale. Ƙwayar bakteriya ce mai suna Burusela ke haddasa ta, kuma iri-iri ce: akwai wadda ta fi zama a jikin shanu, akwai ta awaki da tumaki, wadda raƙuma ma ke ɗauka, akwai ta aladu, akwai ta karnuka. Ta awaki da tumaki ita ta fi yi wa ɗan Adam illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan cuta cikin waɗanda suka fi yaɗuwa daga dabbobi zuwa mutane a faɗin duniya.

Kada ka ce ai wannan maganar mutanen ruga ce, mu da ke zaune a birni ina ruwanmu. Duba ka gani, a kudancin ƙasar nan su wa ke riƙe da harkar dabbobi? Daga Kara da ke bakin Legas zuwa mayankar Oko-Oba a Agege, daga Akinyele a Ibadan zuwa Lokpanta a Jihar Abiya, 'yan uwanmu ne ke sauke shanu daga tirela, su ke dillanci, da yawansu ke fawa, su ke gasa tsire da balangu. A cikin gida kuma, iyayenmu mata ba su rabu da turke ba. Ko a lungun da ba ya da filin shanya, za ka tarar da akuya biyu ko uku ɗaure a bayan ɗaki, su ne asusun uwar gida, su ne kuɗin makarantar yara idan ta ƙure. Ga kuma fura da nono, wadda duk inda Bahaushe ya sauka sai ta bi shi. Saboda haka idan akwai mutanen birni da wannan cuta ta fi kusa da su, to mu ne.

Ni a wajen gwaggona na fara sanin wannan ciwo, ƙanwar mahaifina da ke zaune a Ibadan shekara da shekaru. Mace ce mai ƙarfin jiki, wadda ba ka jin ta ce wash. Sai ga zazzaɓi ya kama ta. Da safe garau take, har ta yi shara ta ba awakinta dusa. Da la'asar ta yi sai jiki ya fara ɗumi, kafin isha ta lulluɓa da bargo tana rawar sanyi, can cikin dare kuma gumi ya karyo mata har sai ta canja zane. An ba ta maganin maleriya sau uku. An yi gwaji aka ce taifot, ta sha magani na kwana goma, ta ji sauƙi, muka yi murna. Ba a yi mako uku ba zazzaɓin ya dawo, wannan karon da ciwon kwankwaso wanda ya hana ta sunkuyawa. Aka sake cewa taifot ɗin ce ba ta fita ba. Wata huɗu ana wannan zagaye. Ta rame, abinci ya fita ranta, ta zama mai yawan shiru da saurin kuka, abin da ba halinta ba. Maƙwabta suka fara kawo nasu bayanin: wannan ya ce sanyi ne ya shige ta, wancan ya ce shawara, wata kuma ta rage murya ta ce a bincika, kada dai jifa ne.

Ranar da muka kai ta wani babban asibiti, likitar da ta duba ta ta daɗe tana juya takardun gwaje-gwajen da muka tara. Sannan ta ɗago ta ce, "Mama, kina kiwo a gida?"

Gwaggo ta ce, "Ina da 'yan awaki, 'yata. Me ya haɗa awaki da ciwona?"

"A cikinsu akwai wadda ta yi ɓari kafin ki fara wannan zazzaɓi?"

Gwaggo ta yi shiru, ta juyo ta dube ni. Lallai an yi haka. Kamar mako uku kafin ta kwanta, babbar akuyarta ta zubar da 'ya'ya biyu da ba su isa haihuwa ba, mabiyiya kuma ta maƙale. Gwaggo da hannunta ta jawo ta, ta kwashe komai ta zubar, ta wanke hannu da ruwa ta ci gaba da aikinta. A cikin wata huɗun nan babu wanda ya tambaye ta wannan, ita ma ba ta ga dalilin faɗa ba. Aka ɗebi jininta aka yi gwajin burusalosis, ya nuna tana ɗauke da ita. Ta sha magani na mako shida, ta tashi.

Abin da ya tsaya mini a rai tun daga lokacin shi ne ƙanƙantar tambayar da ta warware matsalar. Ba na'ura mai tsada ba ce ta gano ciwon, tambaya ce guda. Kuma tun da ba kowane ma'aikacin lafiya ne zai tuna ya yi maka ita ba, musamman a asibitin birni inda layi ya yi tsawo kuma ba a zaton mai kiwo, to ya rage naka ka kai amsar tun kafin a tambaye ka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari in zayyana maka alamomin, domin ka gane ta idan ta zo. Daga shigar ƙwayar jiki zuwa bayyanar ciwo yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, amma yana iya zama mako ɗaya kacal, yana iya kai wata biyu. Wannan jinkiri ne ke sa mutum ya manta da abin da ya taɓa ko ya sha. Babbar alama ita ce zazzaɓi mai hawa da sauka. Yakan tashi da yamma ya sauka da asuba, ya yi kwanaki ko makonni a haka, ya lafa har ka ce an rabu, sannan ya dawo. Tare da shi akwai gumi mai yawa da dare, wani lokaci mai wani irin wari na daban kamar na jiƙaƙƙiyar ciyawa. Akwai kasala mai nauyi, ciwon kai, ciwon jiki, rashin cin abinci da rama.

Idan ta daɗe ba a magance ta ba, sai ta nemi wurin zama a jiki. Inda ta fi zama shi ne ƙashi da gaɓoɓi: kwankwaso, ƙashin baya, ƙugu da gwiwa. Manya sun fi kuka da baya da kwankwaso, yara kuwa gwiwa ko ƙugu, har ka ga yaro yana ɗingishi ba tare da ya faɗi ba. Hanta da saifa suna iya kumbura. Ga maza, tana iya sa ɗan maraina ɗaya ya kumbura ya yi zafi, kuma wannan alama ce da kunya ke sa maza da yawa su ɓoye, ko su tafi wajen mai maganin gargajiya a ce musu ciwon sanyi ne. Mai juna biyu tana iya yin ɓari ko haihuwa kafin lokaci. Wasu kuma takan taɓa musu hali, su shiga damuwa da baƙin ciki marar dalili, kamar yadda muka gani a wajen gwaggo. Ba ta cika kisa ba, domin waɗanda ke mutuwa ba su wuce biyu cikin ɗari ba, kuma akasarinsu idan ƙwayar ta kama bawul ɗin zuciya ne. Can ba a rasa ba takan hau ƙwaƙwalwa ta kawo irin alamomin sanƙarau. Ɓarnarta ta yau da kullum ita ce ta kwantar da mai nema wata da watanni, ta cinye jari a sayen maganin da ba nata ba.

Za ka iya tambaya, me ya sa maganin taifot ke kawo sauƙi sannan ciwon ya dawo? Dalili shi ne wannan ƙwaya ɓuya take yi a cikin ƙwayoyin jinin da aikinsu shi ne kashe cuta, ta zauna a cikinsu a hanta da saifa da ɓargo. Wasu magungunan taifot suna taɓa ta, su rage mata ƙarfi, amma kwana bakwai ko goma ba su isa su kai ga waɗanda suka ɓuya ba. Da an daina shan magani sai su sake fitowa. Ga shi kuma gwajin Widal da aka fi yi mana don neman taifot ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. A ƙasa irin tamu yakan nuna akwai taifot a jikin wanda ya taɓa yin ta tuntuni, ko wanda wani ciwo daban ke damunsa. Haka mutum zai yi ta karɓar sakamako iri ɗaya, yana shan magani iri ɗaya, ainihin ciwon yana nan.

Tarihin gano cutar ma da madara ya faro. A tsibirin Malta da ke tekun Bahar Rum, sojojin Ingila sun yi ta fama da wani zazzaɓi da ba a san kansa ba, har aka sa masa suna zazzaɓin Malta. A shekarar 1887 wani likitan soja mai suna David Bruce ya gano ƙwayar a cikin saifar sojojin da suka mutu, kuma daga sunansa aka samo sunan cutar. Amma sai a 1905 wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya gano cewa awakin garin ne ke ɗauke da ita, alhali ga su lafiya lau a ido. A lokacin masu awaki kan kora su ƙofa-ƙofa, a tatsa maka a gabanka ka sha da ɗuminta, kowa yana ganin babu madarar da ta fi wannan tsabta. Da aka hana sojoji shan madarar awaki a 1906, sai ciwon ya kusan ɓacewa daga barikinsu. Darasin Malta bai tsufa ba: dabba tana iya zama mai ƙiba da sheƙi, madararta fara tas, ƙwayar tana ciki.

Ta hanya uku take shiga jikin mutum. Ta farko ita ce baki: ɗanyar madarar saniya ko akuya ko tunkiya ko raƙumi, da duk abin da aka yi da ita ba a dafa ba, kamar nono, man shanu da cuku. Tsamin nono yana rage ƙwayar, amma ba za ka dogara da shi ba. Tsokar nama ba ta cika ɗaukar ƙwayar da yawa ba, hatsarin ya fi yawa a hanta da saifa da sauran kayan ciki idan ba su dahu ba. Hanya ta biyu ita ce fata da ido: ɗan yanka ko tsagewa a hannu ya isa, idan ya haɗu da jini, ko ruwan haihuwa, ko mabiyiya, ko ɗan da aka yi ɓarinsa. A nan ne ƙwayar ta fi taruwa fiye da ko'ina. Ta uku ita ce shaƙa, a turken da ba ya samun iska ko a kwata inda ake feɗe dabbobi da yawa. Binciken da aka yi a kan ma'aikatan mayanka a garuruwa irin su Abuja ya nuna alamar cutar a jinin mahauta da dama. Abu guda da zai kwantar maka da hankali: da wuya ƙwarai mutum ya ɗauke ta daga mutum. Ba a gudun mai ita, ba a raba masa kwano. Mai shayarwa dai ta gaya wa likita tana shayarwa.

Idan kana kiwo, dabbar kanta takan ba ka labari. Akuya ko tunkiya ta yi ɓari a ƙarshen ciki, ko ta haifi ɗa marar ƙarfi ya mutu, ko mabiyiya ta ƙi fita. Saniya ta zubar da ciki bayan ya yi nisa, nononta ya ragu, ko ka ga gwiwarta ta kumbura da ruwa. Rago ko bunsuru kuma marainansa su kumbura. Abin lura shi ne, dabba takan yi ɓari sau ɗaya, a haihuwa ta gaba ta haihu lafiya, mai ita ya ɗauka ta warke, alhali tana ci gaba da zubar da ƙwayar a madara da ruwan haihuwa. Babu maganin da ake dogara da shi wajen raba dabba da ita. Abin da ake da shi rigakafi ne na dabbobi, kuma a ƙasar nan Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, ita ce gidan wannan aiki. Mutane kuwa har yau ba su da allurar rigakafinta.

To me za ka yi idan ka yi zargi? Duk zazzaɓin da ya wuce mako biyu, ko ya tafi ya dawo bayan an sha cikakken maganin maleriya, ka bar kemis ka je asibiti. Idan ka zauna a gaban likita, ka faɗa masa sana'arka dalla-dalla. Kada ka tsaya a "ɗan kasuwa ne ni" idan kasuwarka ta shanu ce. Ka ce kana fawa, ko kana wanke kayan ciki, ko kana kiwo a gida, ko dabbarka ta yi ɓari, ko ka je gida Arewa ka sha madara daga tatsa, ko an kawo maka nonon raƙumi. Sannan ka tambaya kai tsaye ko za a duba burusalosis. Akwai gwajin jini mai sauƙi da ake kira Rose Bengal, akwai wasu da ke tabbatar da shi, akwai kuma na shuka jini a ga ko ƙwayar za ta tsiro, wanda yakan ɗauki kwanaki. Ƙananan ɗakunan gwaji na unguwa ba duka ke yin su ba, don haka kada ka yi mamaki idan aka tura ka asibitin koyarwa. Irin waɗannan alamomi kuma tarin fuka ma yana kawo su, wannan ma dalili ne na barin likita ya tantance.

Maganin yana nan, kuma yana aiki, sai dai yana son haƙuri. Magani biyu ake haɗawa, a sha na tsawon mako shida: doksisaikilin tare da rifamfisin, ko doksisaikilin tare da allurar sitiraftomaisin ko jentamaisin a kwanakin farko. Idan ta kama ƙashin baya ko zuciya ko ƙwaƙwalwa, maganin yakan kai wata uku ko fiye. Mai juna biyu da yaron da bai kai shekara 8 ba akan canja musu haɗi, domin doksisaikilin bai dace da su ba. Na ambaci sunayen ne don ka gane abin da aka rubuta maka, ba don ka saya da kanka ba. Rifamfisin musamman babban makami ne a yaƙi da tarin fuka, shan sa barkatai yana sa ƙwayar tarin ta daina jin sa, kuma yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Yana mayar da fitsari ja, wannan ba abin tsoro ba ne. Inda mutane ke faɗuwa shi ne mako na biyu, lokacin da zazzaɓi ya sauka, ƙarfi ya dawo, mutum ya ga ai ya warke ya ajiye sauran. Wanda ya yi haka ya gayyaci ciwon ya dawo. Idan kuma an tabbatar da ita a jikin mutum ɗaya a gida, a duba sauran da suka sha daga ƙwarya ɗaya.

Ban rubuto wannan don in raba ka da fura da nono ba, ni ma ban rabu da ita ba. Ban kuma rubuto don a ɗora wa masu tallar nono laifi ba, domin da yawansu suna dafa madara kafin su kwantar da ita, kindirmo na gaskiya ma da dafaffiyar madara ake yin sa. Ka dai san wajen wadda kake saye, ka tambaye ta cikin mutunci ko tana dafawa. Madarar da ta shigo gidanka ɗanya, ta kowace dabba ce, a ɗora ta a wuta ta tafasa sosai kafin kowa ya kai baki, ko da an ce maka ɗanyarta ce magani. Hanta da kayan ciki su dahu har ciki, ko a tukunya ko a kan wutar mai tsire.

Idan dabba za ta haihu ko ta yi ɓari, a sa safar hannu ta roba. In babu, a zura hannu cikin leda mai kauri biyu. A haƙa rami mai zurfi a binne ɗan da mabiyiyar, kada a jefa a kwata ko a bola inda kare zai ja. A wanke wurin da ruwan bilic, a wanke hannu da sabulu, a ware dabbar daga sauran, a daina shan madararta, a kira likitan dabbobi. Mai ciki da yara kada su kusanci wurin. Kuma kada a kai irin wannan dabba kasuwa a sayar wa wani ya kai turkensa, domin ciwon ka sayar masa. Ɗan uwa mahauci, ka rufe duk wani yanka da ke hannunka kafin ka fara aiki, ka sa takalmin roba, kada ka riƙe wuƙa a baki, kada ka ci abinci da hannun da ba ka wanke ba. Haka ma ranar layya, lokacin da kowane magidanci ke zama mahauci na yini guda.

Kuɗin safar hannu da ɗan gawayin tafasa madara ba su kai kuɗin gwaji ɗaya ba. Ka ajiye wannan shafi, ka karanta wa wanda ke kiwo ko fawa a cikin danginka, musamman iyayenmu mata da ba sa karanta jarida. Allah Ya ƙara mana lafiya.